Inda Gari Ke Taruwa: Wurno, Rabah da Goronyo Tun Daga Zamanin Ribaɗi

A ƙauyukan Ingila da yawa, in ka kai tsakiyar gari inda hanyoyi suka haɗu, za ka tarar da wani tsohon ginshiƙin dutse bisa matakala uku ko huɗu. Wani yana da gicciye a kansa, wani kuma kan ya daɗe da guntulewa, sai kututturen kawai. Baƙo zai ɗauka kayan ibada ne kurum, tun da alamar addinin Kirista ce. Amma mutanen da suka kafa su, daga wajen ƙarni na 10 zuwa na 16, sun ba su aikin da ya wuce na coci nesa ba kusa ba. A gindinsu mai wa'azi ke tsayawa, a nan ake karanta shelar sarki, a nan mai laifi ke fitowa ya tuba a bainar jama'a. Masu ɗauke da gawa su sauke makara su huta, matan ƙauye su kasa man shanu da ƙwai a kan matakalar ranar kasuwa. Cinikin da aka ƙulla a wurin, a ganinsu, an ƙulla shi gaban shaidu da gaban Allah. Hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ta ƙiyasta cewa sun taɓa haura 12,000, waɗanda suka rage kuwa ba su kai 2,000 ba.

Wasunsu sarakuna ne suka gina su. Da Eleanor, matar Sarki Edward na Ɗaya, ta rasu a 1290 aka ɗauko gawarta daga Lincoln zuwa Landan, sarkin ya sa aka kafa gicciye a kowane zangon da aka kwana, guda 12, uku suna nan tsaye har yau. Na kasuwar Chichester wani babban limamin coci ne ya gina shi a 1501, da rumfar dutse kewaye da shi, don talakawa su sami inda za su kasa kayansu ba tare da biyan kuɗin kasuwa ba. Daga baya Turawan da kansu suka bi su da guduma. Masu neman tsarkake addininsu suka ce wannan bautar gumaka ce, a 1643 kuma majalisar dokokin ƙasar ta ba da umarnin kawar da su. Abin da ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ba su da kai ke nan.

Wanda ya fito daga Sakkwato ya nufi gabas, ya bi ta Acida ya ratse Wurno, ko ya miƙe Goronyo, ko ya karkata zuwa Rabah, ba zai ga irin wannan dutse ba ko ɗaya. Amma babu wani aiki daga cikin waɗancan da ba a yi a garuruwan nan. Wa'azi da shela da shari'a da ciniki da jana'iza, kowanne yana da wurinsa, yaro da babba kowa ya san shi. Mu fili muka ɗora wa wannan nauyi: ƙofar fada, harabar masallacin Juma'a, inuwar wani babban itace, da kasuwa. Labarin Wurno da 'yan'uwanta na ribaɗi ya fi na wurare da yawa daɗin bi, domin ba haka kawai suka tsiro ba. Mun san wanda ya zauna ya tsara a tara mutane a nan, mun san abin da ya tilasta masa, ya kuma bar dalilansa a rubuce.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wannan yaƙi. Ana yawan ba da labarin kamar daga nan ƙura ta lafa, alhali ba ta lafa ba. Gobirawa sun ja da baya sun sake shiri, Katsinawan da aka kora sun kafu a Maraɗi, Kabawa na yamma, Azbinawa na arewa suna duba inda iska ta karkata. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, kafin shekara ta zagayo kuma Abdussalami na Kware, ɗaya daga cikin tsofaffin almajiran Shehu, ya yi tawaye kusan a bakin ƙofar birni. Bature Hugh Clapperton, da ya dawo karo na biyu a 1826, a fagen fama ya iske Bello, yana kewaye da Konya inda Sarkin Gobir yake a lokacin, bai kuma ci garin ba. Daga nan ya bi shi Magariya, sansanin da Sarkin Musulmi ke zama a kwarin Rima.

Yaƙin wancan zamani galibi hari ne. Da kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, sai mahaya su fito daga arewa maso gabas su bi kwarin gulbi, su faɗa wa ruga ko ƙaramin ƙauye da asuba, su kora shanu, su kama mutane, kafin labari ya kai Sakkwato sun yi nisa. Rundunar da sai an aika an tara ta ba ta maganin irin wannan. Abin da Bello ya gani shi ne, sai an zauna a kan iyakar, da mata da yara da rumbuna, a cikin ganuwa. Wannan shi ne ribaɗi, tsohon tsari ne a tarihin Musulunci, Bello kuma ya rubuta littafi a kansa. Wajen 1830 ya zaɓi wani tudu mai duwatsu da ke kallon fadamar Rima, ya gina Wurno, ya mai da ita mazauninsa. Ya raba 'ya'yansa da danginsa a wasu wuraren: Aliyu a Shinaka, wadda yau take ƙaramar hukumar Goronyo, Fodiyo a Lajinge. Gandi ta tsare gabas. Rabah, a bakin gulbin Sakkwato, ta zama mazaunin wani ɗan nasa, Abubakar, wanda har ya yi Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877 ba a daina kiransa na Rabah ba.

Ganuwa da ganga ba su isa su yi gari ba, Bello kuma ya san haka. Yawancin waɗanda suka yi masa yaƙi Fulanin daji ne, rayuwarsu na bin ciyawa da ruwa. Ya matsa musu su zauna, su rage dogaro ga shanu su yawaita dawakai, su sa 'ya'yansu karatu. A amsar da ya rubuta wa Muhammadu Jailani, jagoran wasu Azbinawa, ya bayyana ra'ayinsa cewa addini ya fi tsayuwa a cikin gari bisa ga daji. Wanda ya karanci fiƙihun Malikiyya zai gane inda maganar ta dosa. Sallar Juma'a tana buƙatar mazauna na dindindin, da ginannen masallaci, da aƙalla mutum 12 ban da liman. Makiyayin da yau yana nan gobe yana can, Juma'a ba ta hau kansa ba, alƙali ba ya iske shi, mai karɓar zakka sai ya yi ta cigiyarsa. Ranar da ya gina ɗaki a cikin ganuwa, ya shiga sahu, ya shiga lissafi. A littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Bello ya ɗora wa mai mulki nauyin samar da masu sana'a a kowane gari, maƙera da marina da maɗinka da mahauta, da kuma gyaran kasuwanni da hanyoyi. Abin da ya umarci wani ya yi, shi ya yi a Wurno.

Gaskiya ɗaya da ba a cika faɗa a wajen taron tunawa da magabata ba: hannuwa da yawa da suka kwaɓa ƙasar ganuwar nan, suka nome fadamar da ta ciyar da ita, hannuwan bayi ne da aka kamo a yaƙi. An zaunar da Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa, wasu da son ransu, wasu ba da shi ba. Jikokinsu da jikokin waɗanda suka kamo su yau maƙwabta ne, surukan juna ne. Wannan haɗuwa ba a takarda aka yi ta ba. A sahun salla aka yi ta, da bakin rijiya, da rumfar kasuwa, shekara bayan shekara.

Tsarin tsakiyar gari a ƙasar Hausa ya girmi jihadi, masu ribaɗi sun gaje shi ne suka ƙara masa nauyi. Gidan mai gari, da fili a gabansa, wanda Sakkwatawa ke kira kanwuri in na babban sarki ne. Masallacin Juma'a kusa da shi. A filin akwai itace mai inuwa, durumi ko ceɗiya ko tsamiya, inda dattawa ke shimfiɗa buzu da hantsi, inda baƙo ke sauke kaya ya jira a yi masa iso. Mai ƙara ya zo nan, wanda aka yi ƙara ma nan za a kira shi, kuma abin da aka yanke, an yanke shi ne a kunnen mutane, ba wanda zai tashi gobe ya ce ba a yi ba. In za a fita yaƙi nan dawakai ke taruwa, in an dawo nan ake sanin wanda bai dawo ba. Daga nan sanƙira ke tashi da yamma ya bi unguwa-unguwa, ya fara da cewa sarki ya gaishe ku, sa'an nan ya faɗi saƙon: an ga wata, gobe gayyar gyaran ganuwa, jakin wane ya ɓace, kowa ya ɗaure dabbarsa shuka ta fito. Ranar salla a fita filin idi bayan gari, a dawo a yi hawa a ƙofar fada. Mutumin da ba a ganinsa a wannan fili, ko ba shi da lafiya, ko yana da magana da hukuma.

Me ya hana a kafa wata alama ta dutse a tsakiyar filin? Dutse ba ya wuya a Wurno, a kansa garin yake zaune. Dalilin na aƙida ne. Babban abin da Shehu ya shekara da shekaru yana wa'azi a kansa, tun yana Degel, shi ne masu cewa su Musulmi ne amma suna yanka ga itatuwa da duwatsu, suna zuba musu ƙullu. Jama'ar da ta yi hijira zuwa Gudu a 1804 saboda irin wannan wa'azi ba za ta zo ta dasa dutse a tsakiyar garinta ta ce a girmama shi ba. Itacen ƙofar fada inuwa ce kawai, in ya faɗi a dasa wani. Turawan da suka fasa gicciyensu a 1643 sun sha wahalar rushe abin da kakanninsu suka gina. Mutanen Bello tun farko suka ƙi ginawa.

Kasuwa ita ce ɗaya rabin. Ana yawan ajiye ta a gefen gari ko bayan ƙofa, don baƙi da dabbobi su shigo su fita ba su ratsa gidaje ba. Tana da nata sarautu, sarkin kasuwa, sarkin fawa, korama mai kula da 'yan awo, da dillalai. A Sakkwato har muhtasibi aka naɗa mai duba mudu da algus. Aikin da gicciyen kasuwa ya yi wa Baturen da, na zama shaida a kan ciniki, a nan dillali ne ya yi shi. Shi ya san mai saniya, ya san rugarsu, in ta fito ta sata shi za a kama. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama, a biya la'ada gaban mutane. Bafillatana ta kawo nono da man shanu ta koma da gero da gishiri, Ba'azbine ya kawo kanwa da dabino ya koma da zane. Mutanen da a daji suke iya zama abokan gaba, ranar kasuwa dole su yi magana da juna.

Muna da shaidar ido a kan kasuwar Wurno. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Afrilu na 1853, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, ya zauna a garin fiye da wata guda yana jiran dawowarsa. A nan ya sadu da malami Abdulƙadir ɗan Tafa, ya kuma sami karanta rubuce-rubucen Bello da na Abdullahi ɗan Fodiyo. Garin bai burge shi ba, ya ga cunkoso da ƙazanta, ga kuma gobara. Amma ya lura da wani abu: kasuwar tana ci ne a wani fili a gaban ƙofar arewa maso yamma, an kuma haƙa gwalalo an kewaye ta, don ana tsoron mahara su faɗa wa masu ciniki ba zato. Wannan a mazaunin Sarkin Musulmi ke nan, shekara 45 bayan faɗuwar Alƙalawa. Sun san taron jama'a shi ne ƙarfin gari, sun kuma san nan ne maƙiyi zai fara nufa.

Mu koma baya kaɗan. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da Ibra na Azbinawa suka haɗa kai. Bello ya fita da kansa, cikin zafin bazara, aka gwabza a Gawakuke. Ali da Rauda suka faɗi. Cikin waɗanda ke tare da Bello a shekarun nan har da Alhaji Umaru Futi, wanda ya auri 'yarsa, daga baya ya je ya kafa tasa daular a yamma. Nasarar ba ta kawo ƙarshen Gobir ba, don Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri ya ci gaba da gwagwarmaya, amma ta ba kwarin Rima numfashi. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 1837, Bello ya rasu a Wurno, Allah ya jiƙansa. Ba a kai shi Sakkwato kusa da mahaifinsa ba, duk da tafiyar ba ta wuce ta yini ba. Akwai hadisin da ke nuna cewa wanda ya mutu yana ribaɗi, ladan aikinsa ba ya yankewa, mutumin da ya rubuta littafi a kan ribaɗi kuwa ya san shi sarai. Aka rufe shi a bakin aikinsa.

Ta haka garin da aka gina ba tare da wata alama ta dindindin ba ya sami alamarsa. Hubbaren Bello ya zama abin da in an ce Wurno shi ke fara zuwa a zuciya. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya fi zama, a nan ya rasu. Mai ziyara ya fara da hubbaren Shehu a Sakkwato, ya ƙarasa Wurno. Sabon sarkin da aka naɗa, da mai shirin tafiya Makka, da tsohuwar da ta tara 'yan kuɗinta shekara guda, duk hanya ɗaya suke bi.

Maganar tsohuwa ta kawo mu ga wani gurbi. Ƙofar fada filin maza ce. Matar aure a gidan malamai ko na sarauta ba ta zama gindin durumi, ba ta jin shari'a. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta yi zama a Wurno tare da su, ita ta buɗe wa mata nasu wurin taruwa. Ta naɗa dattijan mata amintattu daga ƙauyuka, ana ce wa kowace jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani alamar izini. Jaji ta tattaro 'yan mata da tsofaffi, waɗanda ba su da nauyin miji da goyo, su taho ƙafa da ƙafa da sadakarsu ta hatsi da zuma da zare, su zauna a ɗakin Nana su koyi hukuncin tsarki da salla da tarihin Annabi cikin waƙa, da Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa na cikin kulle. Su ne 'Yan Taru. Nana ta rasu a 1864, tsarin bai mutu da ita ba. A ganina duk wanda zai lissafa wuraren da suka riƙe al'ummar kwarin Rima, ya bar ɗakin nan a baya, lissafinsa bai cika ba.

Har ƙarshen ƙarnin, fada tana kai da kawo tsakanin Sakkwato da Wurno, wani lokaci Cimmola, gwargwadon gidan da ke sarauta da inda haɗari ya fi. A zamanin Umaru ɗan Aliyu, 1881 zuwa 1891, da na Abdurrahman bayansa, ƙofar fadar Wurno ta ga manzanni daga Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, da raƙuma da dawakai da riguna na gaisuwa. A nan Joseph Thomson ya zo a 1885 da sunan kamfanin Ingilishi na Neja, ya koma da takardar da daga baya aka ce wai ta ba su ƙasa. Abdurrahman ya rasu a 1902. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Nasara ba ya son sarki mai gida biyu, yana son ya san inda zai same shi. Fada ta tsaya Sakkwato, Wurno ta koma gunduma, mai riƙonta Sarkin Sudan. Ganuwa ta rasa mai gyara, ruwan sama da masu neman ƙasar gini suka raba ta.

Filin bai mutu ba, saƙon da ake kawowa cikinsa ne ya sake. Sanƙira yana nan yana cewa sarki ya gaishe ku, amma abin da ke biyo baya haraji ne, da jangali, da ƙidayar kawuna, da neman 'yan aikin hanya, da ranar awon auduga. A irin wannan ƙofar fada Ahmadu Bello ya buɗe ido a Rabah wajen 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Abubakar na Rabah, ɗan Muhammadu Bello. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 kuma aka naɗa shi hakimin garinsu, ya zauna inda ubansa ya zauna. Bayan shekara huɗu ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka ba shi Sardauna, ya koma Gusau. Waɗanda suka yi mamakin yadda Firimiyan Jihar Arewa ke tafiyar da gidansa na Kaduna, ƙofa a buɗe, jama'a cike, abinci na fita, kowa da ƙorafinsa, sun manta a inda ya koyi mulki.

Ziyarar hubbare ma ta shiga muhawara. Tun daga wa'azin Shaihu Abubakar Gumi, da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, aka yi ta tambaya a kan gini bisa kabari da neman tubarraki. Masu suka suna kafa hujja da rubutun Shehu kansa, wanda ya hana ɗibar ƙasar kabari da shafa ta. Masu ziyara suna cewa addu'a suka zo yi wa bayin Allah, su kuma tuna lahira, Shehu da Bello kuwa 'yan Ƙadiriyya ne da ba su ƙi ziyara ba. Kowane ɓangare yana da abin riƙo a littattafan gidan. Abin lura shi ne rigimar ta tsaya a baki da alƙalami da lasifika, ba wanda ya ɗauko guduma. Illar da ta yi a wani wuri take: garin da a da yake da masallacin Juma'a ɗaya, inda kowa ke ganin kowa sau ɗaya a mako, yanzu yana iya samun biyu ko uku.

Goronyo tata ɗaukakar daga baya ta zo, ta hanyar ruwa da kwalta. An kammala madatsar ruwan da ke kan gulbin Rima a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, aka buɗe ta a 1992. Noman rani ya faɗaɗa daga nan har fadamar Wurno: shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama. Ruwan da ya kawo arziki shi ya kawo ambaliyar 2010, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin, mutane suka kwana a makarantu. Titin da ya taso daga Sakkwato ya wuce Sabon Birni da Isa ya mai da kasuwar Lahadi ta Goronyo mahaɗar 'yan kasuwa daga nesa, har daga Nijar, kamar yadda ta Acida take ranar Laraba. Tasha da teburin mai shayi suka ƙwace rabin hirar gindin durumi, rediyo ya ƙwace rabin aikin sanƙira, wayar hannu ta zo ta kwashe saura. Duk da haka, in aka yi rasuwa ko rikicin gona, ƙafa ƙofar hakimi take nufa.

Sai ga hari ya dawo, ta hanyar da ya saba biyowa, babur a madadin doki. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka gudu Gandi, tsohon ribaɗin nan, suka cika makaranta. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, kasuwar Goronyo na tsakiyar ci, aka kewaye ta aka buɗe wuta. Aƙalla mutum 43 suka rasu. Babu gwalalo, babu ganuwa, babu ma wayar da za a kira agaji.

Kwanaki kaɗan kafin wannan, a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 da suka zo cin kasuwa, mutane da yawa kuma suna ganin na Goronyo ramuwa ce. Ko ramuwa ce ko ba ita ba, kisan biyu a wuri iri ɗaya aka yi su, wurin da Bello ya yi ta fama ya jawo makiyayi zuwa cikinsa. Bafillacen da ba ruwansa da ta'addanci yanzu yana auna ransa kafin ya kora tunkiya zuwa kasuwa, manomin ƙauye yana auna nasa kafin ya hau mota da buhun albasa. Da yawa sun daina zuwa. Dabbar da a da sai ta bi ta hannun dillalin da ya san mai ita, yanzu ana cinikinta a bakin daji tsakanin mutum biyu, a loda ta a mota da dare, ba mai tambayar daga garken wa ta fito.